Turaren Laita a Ɗaurin Auren Habu

Ba zan taɓa mantawa da wahalar da turare ya ba ni ba. Na yi noman gyaɗa shekara da shekaru, na yi dakon buhu da kaka, na taɓa takawa daga Gaya har Wudil da ciwon ƙafa, amma duk ba su gajiyar da ni kamar 'yan kwanakin nan ba. Abin haushin kuma, ba laifin turaren ba ne. Turaren nan mai kyau ne, har gobe ina faɗa. Ni ne dai.

Ni mutum ne mai son ƙamshi tun ina saurayi. Ba ni da wani abin taƙama: karatun allo a ƙananan surori na tsaya, boko kuwa ko ƙofar aji ban leƙa ba. Amma Allah ya ba ni hanci. Sai dai hanci ba ya sayen komai. Turaren da alhazai suke dawowa da shi daga Makka, iyakata da shi in je gaisuwa in riƙe hannun mutum in ƙi saki, in dawo gida ina shinshina tafina.

Shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, Malam Sule mai koli ya fara kawo wani turare kasuwar Gaya. Masu yin laita ne suka yi shi, laitar nan ta ƙarfe mai hoton jimina, wadda direbobi suke ƙyastawa ko a cikin iska ba ta mutuwa. Da farko dariya muka yi, muka ce mutanen da sana'arsu wuta ce me suka sani game da ƙamshi? Sunansa na Turanci ba wanda ya iya faɗa, sai muka riƙa ce masa "na laita". Ka tsaya gaban tebur ka ce, "Malam Sule, ba ni na laita," ya san abin da kake nufi. (Ka riƙe wannan kalma, ita ce ta kayar da ni.)

Kala uku ne, kowanne da jiminarsa a jikin kwalba, kuma duk na shafa su. Mai koren murfi ƙamshinsa kamar an ɓare lemo a kusa da kai bayan ruwan farko ya sauka. Yana da daɗi ƙwarai, amma ba shi da alkawari: ka shafa da hantsi, kafin azahar ya tafi ya bar ka da warin jikinka. Mai baƙin murfi nauyi gare shi, ɗigo biyu ya isa. Ranar da na ɗiga huɗu, mai ɗakina ta ce, "Malam, yau kuma wace unguwa za ka rufe?" Amma gwanina mai murfi ruwan ƙasa. Kanumfari-kanumfari, da ɗan ƙamshin sabuwar fata irin ta rumfar dukawa, can ƙarshe kuma wani zaƙi-zaƙi da ban san sunansa ba. Ba ya ihu, ba ya gudu. Ka shafa ranar Juma'a, a wanke rigar ranar Lahadi, ka sa hanci a wuyanta ka same shi yana zaune. Ga shi kaza ɗaya in ka sayar za ka saya har ka rage na goro. Aibinsa ɗaya, murfin yana yoyo in ka kwantar da kwalbar, kuma ƙanƙanuwa ce kamar babban yatsa.

Kafin shekara ta zagayo na zama malamin turare a majalisarmu ta gindin durumi. Wanda zai je zance ya tambaye ni, wanda zai je suna ya tambaye ni. Ina zaune ina yanke hukunci: "Kai kore za ka shafa, ba daɗewa za ka yi ba." Har suna suka sa min, Mai Hanci. Na ji daɗin sunan nan fiye da yadda ya kamata.

Sai auren ƙanena Habu ya taso. Mahaifinmu ya rasu, ni ne waliyyinsa. Yarinyar 'yar Ajingi ce, suna son juna, mahaifinta ma ba ruwansa. Matsalar yayan mahaifinta ne, Baffa Jauro, wanda shi zai ba da auren. Dattijo ne mai gemu har ƙirji, mai shanu, mai tsabta kamar me. Tun zuwanmu na farko ya dube mu sama da ƙasa ya ce wa ɗan'uwansa, a gabanmu, "Waɗannan ko sun san yadda ake zama da mutane?" Da ƙyar aka shawo kansa aka sa rana. Habu ya ce min, "Yaya, don Allah ranar nan kada a samu abin da zai kama. Kaɗan yake jira."

Na ce, "Bar ni da shi. Da hanci zan kama shi."

Dabarata ita ce, kafin a shafa fatiha in tashi in bi sahu in ɗiga wa kowa turare a hannu, kamar yadda manyan gidaje suke yi. Amma 'yar kwalbar Malam Sule ba za ta ishi mutum goma ba. Sai na ce Kano zan je da kaina in nemo babba.

Tafiyar nan kar ka tambaye ni. Cikin mota ya cika, a saman kaya na zauna, kan buhunan dawa. Muna wuce Wudil ruwa ya sauko, ya dake ni har cikin birni. Na yi ta yawo kanti-kanti da jiƙaƙƙiyar riga, ina atishawa. Can wajen la'asar na hango ta a kan kantar wani kanti: jiminata, tsaye da ƙafa ɗaya, a jikin wani gwangwani mai tsinin baki. Ya yi kwalbar Malam Sule goma, kuma da na tambaya bai kai kuɗin guda biyu ba. Na ce a raina, ashe Malam Sule yanka mu yake yi.

Mai kantin ya sauko da shi, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan fa na laita ne."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Na laita fa."

Raina ya ɓaci, na ɗauka ganina da rigar ƙauye ne ya sa. Na ce, "Bawan Allah, tun kafin ka san shi nake amfani da na laita. Kala uku na ƙarar. Naɗe min."

Ya naɗe min. Mutumin nan ya fita hakkina, sau biyu ya faɗa.

Za ka ce don me ban shinshina ba. Bakin gwangwanin a liƙe yake, sai an huda, ni kuma na ce ba zan huda ba sai ranar, kada ƙamshin ya tsere. Ko da na huda ma ba abin da zan ji. Dukan ruwan nan ya bar min mura, hancina ya toshe kamar an cusa tsumma. Mai Hanci guda, ranar da ake buƙatarsa, ko daddawa aka kai masa ba zai gane ba.

Ranar Asabar da hantsi muka isa Ajingi a motar Ɗanladi direba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a sun cika, ga goro a faifai. Liman yana tsakiya, Baffa Jauro a damansa cikin farar riga, fuskar nan a ɗaure. Na miƙe, na zaro basilla na huda gwangwani, na yi gyaran murya.

"Jama'a, ga ɗan ƙamshi daga gidan ango."

Da liman na fara. Na tsiyaya masa a tafi, ya murza, ya shafa a gemu. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Masha Allahu. Yana da... ƙarfi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai daga birni yake. Ka ji sanyi a hannu? Ka ga ya bushe nan take? Haka na ƙwarai yake yi." (Har bayani nake yi, ka ji.)

Baffa Jauro kuwa ninki biyu na zuba masa, don shi na yi tafiyar. Ya shafe gemun nan tun daga sama har ƙasa. Na bi sahu. Na ga mutane suna kallon juna, wani yana tari, wani yana goge hannu a gefen tabarma, amma ba wanda ya ce uffan. Kunya ta hana. Wa zai ce wa waliyyin ango turarensa wari yake? Ni kuma na ɗauka mamaki ne ya kama su.

Na kai ƙarshen sahu, inda Ɗanladi yake tsugune. Bai miƙo hannu ba. Ya dubi gwangwani, ya sa hannu a aljihu ya zaro laitarsa, ya zare gindinta.

"Yauwa Yaya, Allah ya kawo ka. Ɗiga min a nan, tun Gaya ta ƙafe."

Na ɗauka wasa yake. Ya karɓa ya ɗiga a audugar ciki, ya mayar, ya ƙyasta. Wuta ta tashi ɓal, tsawon yatsa.

Ashe man laita nake ta shafa wa mutane. Ina jin kukan akuya a bayan gida.

Daidai nan wani maƙwabcinsu ya fito daga zaure da kaskon turaren wuta, garwashi jajir, ya nufo tsakiyar tabarma. Liman, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya dafe gemu da hannu biyu ya ƙwala ihu: "Kai! Koma da wutar nan! Koma!"

Sai wuri ya hargitse. Manya-manyan mutane suna rige-rigen buta, kowa hannu a gemu. Wani ya tsoma kansa a kwatarniyar shanu. Habu ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.

Baffa Jauro ya wanke gemu sau uku, ya miƙe, ya saka takalmi. Ya ce, "'Ya muka ce za mu ba ku. Ba mu ce ku zo ku babbake mu ba. Na faɗa tun farko." Ya juya zai tafi. In ya tafi kuwa ba aure, kowa ya sani.

Ban san lokacin da na sha gabansa na durƙusa ba. Na ce, "Baffa, ban iya karatu ba, hancina kuma ya toshe. Jimina na gani na saya. Habu bai san komai ba. Wautar tawa ce ni kaɗai, kuma don in burge ka na yi." Sai na tuna da 'yar kwalbata mai murfi ruwan ƙasa tana aljihu, saura kamar rabi. Na zaro na miƙa masa da hannu biyu. "Wannan nake nufi."

Ya dubi jiminar da ke jiki, ya ja da baya. Ya ce, "Direba, zo ka shinshina min tukuna."

Ɗanladi ya shinshina ya ce, "Baffa, wannan na mutane ne."

Baffa ya ɗiga a bayan hannu, ya kai hanci. Ya daɗe. Ya sake kaiwa. Na ga fuskar nan tana saki kaɗan-kaɗan. Ya shafa a jiƙaƙƙen gemunsa, ya ce, "To, wannan kam turare ne." Ya rufe kwalbar, ya jefa a aljihunsa, bai ko tambaye ni ba. Ya cire takalmi ya koma ya zauna. Ya ce wa liman, "Malam, a ɗaura. Wanda zai je har Kano cikin ruwa don gemuna, ko wawa ne ba mugu ba ne."

Aka ɗaura. Fatihar nan ana shafawa ana ƙunshe dariya.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Sunan Mai Hanci ya mutu a Ajingi, har yau Na Laita ake kirana, 'ya'yan Habu ma Baba Na Laita suke cewa. Abin da na koya bai da yawa: in mai kanti ya faɗa maka magana sau biyu, ba raina ka ya yi ba, tsaya ka ji ta uku.

Washegari da sassafe na kai wa Ɗanladi sauran gwangwanin, na zarce gidan Malam Sule na buga masa sallama. Ya fito yana murmushi, da gani ya ji. Ya ce, "Na laita za a ba ka?"

Na ce, "Na mutane. Mai murfi ruwan ƙasa. Kuma buɗe ka shafa a gemunka in gani."