Rasuwar Kaset ɗin Asfi, Wanda Bai Bar Magaji Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Mai Kowa, Alhaji Bushu'aib Dukkali, tsohon malamin nahawu a birnin Darul Baida, yana sanar da 'yan'uwa masoya kiɗan ƙungiyar Ulad Marsa rasuwar kaset ɗinsa, wanda aka fi sani da Kaset ɗin Asfi. Ya yi istirja'i, wato ya ce Inna lillahi, domin malamai sun halatta shi ko igiyar takalmi ce ta tsinke.

An haifi marigayin a filin wasa na garin Asfi bayan La'asar a shekarar 1978, cikin wata ƙaramar rakoda da Alhajin ya ɓoye a hular da ke ɗinke da jallabiyarsa. A yammacin nan makaɗan suka kama waƙa guda suka ƙi sakinta har minti arba'in da ɗaya: molo na tambaya, bandiri na amsawa, sambani na bin bayansu. Ba su taɓa yin ta haka ba, ba su kuma sake ba.

Marigayin mai riƙon amana ne. Bai zubar da komai daga abin da ya ji ba, har muryar mutumin da ya ce, "Kai mai doguwar hula, zauna mana, ubanka ne ya gina filin?" da ta tsohuwar da ta amsa, "Bar shi, ɗana, ko ya zauna ya fi ka tsawo." Tarin da ake ji a minti na sha tara na Alhajin ne, ya daɗe da neman gafarar jama'a.

Jinyarsa ta yi tsawo. Murya ta fara rawa, aka ɗinke zarensa sau uku da jan farce. Ranar Talata rakoda ta tauna shi a gaban mai shi. Aka jawo da biro, aka lallaɓa, ashe wa'adi ya cika.

Ya rasu ya bar gidansa na roba mai tsaga, da abokan zaman Alhamis su bakwai, da ɗan'uwansa Kaset ɗin garin Miknas na hannun Si Miludi wanzami, wanda mai shi ke da'awar ya fi marigayin. Allah Ya shirye shi.

Bai bar ɗa ba, kuma a nan Alhajin yake sunkuyar da kai. Shekara arba'in da biyar ana roƙonsa a kwafa, yana cewa kwafi na rage albarkar sauti, kuma isnadi mafi inganci shi ne daga kai sai wanda ya ji da kunnensa. Sau ɗaya tak ya ba Si Miludi aron wuni guda, bayan ya rantsar da shi cewa ba zai kwafa ba.

Ba za a yi salla ba, Alhajin ya san fiƙihunsa. Za a naɗe marigayin a farin ƙyalle a rufe shi gindin ɓauren tsakar gida ranar Juma'a, sannan a ci kuskus, a sha shayi da na'ana'a.

Ana roƙon Si Miludi musamman ya halarta. Alhajin ya duba littattafansa ya tabbatar kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ne kawai. Idan har an karya ta a wancan wunin aka kwafa, Alhajin ne zai ɗauki nauyin ciyarwar, da nama.