Farfesan Akurki

Allah ya yi wa layinmu baiwa da Dakta. Ba kowace unguwa ke samun mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana share ƙurar kwalabe a shagon magani ba, har ilimi ya shige shi ta hanci. Farar rigarsa ta gwanjo ce, amma kullum da guga. Yara na ce masa Farfesan Akurki, shi kuwa yana amsawa da ɗaga hannu, don a ganinsa an ma rage masa.

Ranar da kajin tela suka wayi gari a takure, baki a buɗe, suna kakarin numfashi, ba a aika masa ba. Da kansa ya je. Ya tsuguna cikin kashin kaji, ya ɓare bakin wata, ya zura yatsa, ya kara kunne a ƙirjinta.

"Wannan mura ce ta manya," in ji shi. "Ku gode Allah ina gari."

Kafin ya miƙe kazar ta mace a hannunsa. Ya ce ai ta ƙi ba shi haɗin kai.

Daga nan ya ɗaura ɗamarar ceton al'umma. Ya shiga gidan direba, ya shiga gidan mai wanki, da takalmin nan, da yatsan nan, yana duba lafiyayyun kaji kyauta. Wanke hannu? Haba! Wannan aikin masu tsoro ne. Duk akurkin da ya sa wa albarka, jibi sai tari da majina, gata sai a haƙa rami.

Matarsa kuwa kajinta su ne abin duniyarta, tun suna 'yan tsaki take fama da su. Ta roƙe shi: "Baban yara, don girman Allah ka bar min nawa."

"Likita ya bar gidansa ba dubawa? Me duniya za ta ce?"

Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, da ƙauna. Suka bi sahu. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Saura guda, wata baƙa mai kwanci da ta ɓoye a bayan buhunan gawayi.

A bakin rami Dakta ya gyara murya ya yi wa jama'a jawabi.

"Ku lura da kyau. Duk gidan da na shiga, sai cutar ta biyo baya. Kun ga ke nan kullum ina riga ta isa!"

Tela ya dubi direba, direba ya dubi takalman Dakta. Shi kuwa ya ɗauka kwarjini ne.

Da ya koma gida aka ce masa uwargida ta ɗauki baƙar kaza da ƙwanta a kwando, ta tsallaka gidan yayarta. Tausayi ya kama shi. Kaza a hannun jahilai! Ya gyara riga ya bi ta da sauri.

Yana isa ya ji an danna sakata.

"Ku buɗe, Dakta ne!"

Daga ciki kaza ta yi ƙyarƙyara, lafiya lau. Sai muryar matarsa, wadda ta haifa masa 'ya'yansa duka:

"Malam, ba mu da kaji a gidan nan. Gwada gaba."