Kwalliyar da Na Yi wa Mai Takaba

Ko me zan manta a duniya, ba na jin zan taɓa mantawa da lokacin da na buɗe wayata na ga an rubuta "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un" a ƙarƙashin hoton tallata. Ina zaune a tsakar gidanmu a Arawa, hannu ɗaya yana tsintar shinkafa, ɗayan yana kan waya kamar kullum. Da farko har murmushi na yi. Na ɗauka irin salatin nan ne da mata ke yi idan abu ya yi kyau ya wuce misali. (Kun dai ji irin kan da nake yawo da shi.) Sai saƙo na biyu ya shigo: "Ki ji tsoron Allah." Na ukun kuwa ba da ni ma ake ba, da matar da ke cikin hoton ake: "Haba Hauwa, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!"

Ban san lokacin da na mayar da tsakuwar da na tsince cikin shinkafar ba. Kabarin wa?

Bari in koma baya kaɗan. Sana'ata kwalliya ce, ta amare da ta masu zuwa biki da suna, haɗe da ɗaurin ɗankwali. Da na gama sakandare aka kai ni shagon Madam Ngozi a Herwagana na koya, daga baya na dawo ina yi a falon Ummata. Ba ni da shago, ba ni da allo a bakin titi. Shafina na waya shi ne shagona. Ranar da zan bar wurin Madam ta ce da ni, "Ƙanwata, kar ki bar shafinki ya yi barci. Idan mutane sun leƙo sun ga shiru, za su ce kin daina." Ita nufinta in dage da aiki. Ni kuma na ɗauki maganar ta inda ta fi min sauƙi.

Bayan babbar sallah bukukuwa suka ja baya, ruwa ya sauka, kowa ya kama gabansa. Babu amarya, babu mai jego, ko mai neman a gyara mata gira babu. Sai na koma tonon tsofaffin hotuna. Kullum da hantsi in zaɓi ɗaya, in ƙara masa haske, in rubuta "Kwalliyar yau" in saka. Wani lokaci har in ƙara da cewa, "Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yi haƙuri, hannuna ne ba hutu." (Babu wanda ya kira. Ko kamfanin layi ya gaji da ni.)

To ran nan sai na ci karo da hoton wata mata da ta taɓa zuwa sau ɗaya, watanni da suka wuce, za ta bikin ƙanwarta. Adda Hauwa. Ban san gidanta ba, ban san danginta ba, na dai san a duk aikin da na yi babu fuskar da ta karɓi kwalliya kamar tata. Na saka hoton na rubuta: "Kwalliyar yau. Hajiyata ta fito, sai gidan biki. Maigida sai ka riƙe zuciyarka."

Mijinta ya rasu ko arba'in ba a yi ba. Tana cikin takaba.

Wanda duk ya tashi a cikinmu ya san mai takaba ko kwalli ba ta sawa, balle jan baki da gashin ido, balle gidan biki. Ni kuwa ga shi na fito da ita duniya ta sha ado, na kuma rantse wa jama'a cewa yau ne.

Da na gane abin da ake nufi, na yi maza na goge hoton. Ashe na makara, an riga an kwafe shi an watsa a guruf ɗin dangin mijin. Ban gama tsince tsakuwar da na mayar cikin shinkafa ba waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Ke ce mai kwalliya?" Muryar babban mutum ce, a natse, irin wadda ta fi ihu ban tsoro.

"Ni ce, Baba."

"Sunana Usmanu, ni ne wan marigayi mijin Hauwa. Za ki zo gidan a Barunde yanzu ki yi mana bayani, ko kuwa in taho da 'yan sanda su ɗauko ki? Duk wanda kika zaɓa daidai ne a wurina."

Ban san lokacin da na ce "Ga ni nan" ba. Ya yi min kwatance ya kashe.

Umma tana ɗaki tana lazimi. Ita ƙaramar waya take riƙewa, ba ta san me nake sakawa ba. Na durƙusa na faɗa mata komai, rabi magana rabi kuka. Ta dube ni ta ce, "Kwalliyar yau? Ke da na tasa da ƙyar kika yi sallar asuba kika koma, wa kika yi wa kwalliya yau?" Ta miƙe ta ce, "Ɗauko hijabinki. Ki kuma wanke wannan girar kafin mu shiga gidan mutuwa."

Muka shiga keke napep. Ni dai ina ta hango kaina a bayan kantar 'yan sanda, ana ɗaukar hotona ba tare da an tambayi ɓangaren da ya fi min kyau ba.

Falon cike yake da mata. Bappa Usmanu, kamar yadda na ji suna kiransa, yana zaune a kujera kusa da ƙofa, carbi a hannu. A gefe guda wata dattijuwa ce mai farin gilashi, Goggo Asabe, yayar marigayin. Can a kan tabarma kuma wata mata ta haɗa kai da gwiwa, cikin wani tsohon hijabi ruwan toka, yara biyu sun lafe a jikinta. Wallahi sai da ta ɗago na gane Adda Hauwa ce. Ta rame, leɓɓanta sun bushe, idanun nan sun kumbura.

Muka gaisa, Umma ta yi musu ta'aziyya. Kafin a amsa mata da kyau Goggo Asabe ta karɓe zancen.

"Yawwa, ga abokiyar cin mushen ta zo. Da safen nan Hauwa ta ce mana za ta asibiti awon jini, muka ce lalura ce, ta je. Ashe wurinki ta nufa. Ta sha fenti, ta je inda za ta, ta wanke fuska ta dawo mana da casbi. Kuma wane maigidan ne zai riƙe zuciyarsa? Wanda muka binne, ko har an samu wani?"

Sai a lokacin na fahimci girman ramin da na haƙa. Kwalliya ba lalle ba ce da za a duba hannu a gani, ruwa da sabulu sun isa su shafe ta. Kuma matar nan ta fita da safen da gaske. Goggo ta riga ta yanke hukunci: yaran ƙaninta ba za su kwana a hannun macen da ta kasa riƙe masa takaba ba, yau za ta tafi da su. Har an haɗa kayansu a jaka, tana jingine da bango.

Na ce, "Goggo, don Allah ki saurare ni. Hoton nan tsoho ne. Rabona da Adda Hauwa tun kafin azumi."

"To me ya sa kika rubuta yau?"

"Talla ce."

"Me ya sa kika goge, in ba rashin gaskiya ba?"

Na buɗe waya na nuna kwanan watan da ke jikin hoton. Ko kallo ba ta yi ba. "Ni za ki nuna wa waya? Yaran yanzu da kuke sa wa tsohuwa fuskar budurwa, kwanan wata ne zai gagare ku?"

Bappa Usmanu ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya shiga shafina yana ja a hankali.

"Wannan na jiya fa? Kin ce kwalliyar yau."

"Na bara ne, Bappa."

"Na shekaranjiya?"

"Shi ya ma fi tsufa."

Wata mata da ke bayansa ta leƙo ta ce, "Lah, wannan amaryar ai Maryam ce ta layinmu. Yaye ma take shirin yi." Wata ta toshe baki da gefen mayafi. Gidan makoki ne, ba a dariya, amma na ga kafaɗu suna motsi.

"Nan kin ce hannunki ba hutu," in ji Bappa. "Yaushe rabonki da mai zuwa kwalliya?"

"Tun bayan babbar sallah."

"Kenan duk abin da ke nan ƙarya ne?"

"E, Bappa."

"Ɗaga murya, Goggonku ba ta ji sosai."

"Ƙarya ne! Wallahi tallahi ƙarya nake yi kullum!"

Ban taɓa zaton akwai ranar da zan rantse da Allah don a yarda ni maƙaryaciya ce ba. Umma kuwa, maimakon ta rufa min asiri, sai ta ƙara da nata: "Alhaji, ni shaida ce. Yarinyar nan yini take a kwance. Akwatin kayan kwalliyar ma a kansa muke ɗora tulun ruwa." (Sau ɗaya ne aka ɗora, kuma kofi ne. Amma ranar ba ranar gyara wa Umma zance ba ce.)

Duk da haka Goggo ba ta sauko ba. Ta ce, "Wadda ta yi ƙarya jiya ai za ta yi yau. Sun haɗa baki ne. In ta yi ƙarya a kan waɗancan, wa ya ce ba a kan wannan take gaskiya ba?" Maganarta a kan hanya take, ni na zubar da shaidata da hannuna.

Sai Adda Hauwa ta yi magana, karo na farko tun shigowarmu. Muryarta a dishe. Ba ta kalli kowa ba sai ni.

"Ranar ai ba ni kaɗai kika ɗauka ba. Abban Walid ya zo ɗaukata, kika ce ya tsaya kusa da ni. Ina shi?"

Na tuna. Na karɓi wayar, na yi ta ja baya har na kai ga asalin hoton. Ga shi nan tsaye a gefenta a ƙofar falonmu, hula ta ɗan karkace, ya rataya jakarta a kafaɗa don tsokana, yana dariya har haƙoransa a waje. Ɗankwalin nata ɗaya, sarƙar ɗaya, komai ɗaya da wanda aka watsa.

Na miƙa wa Bappa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa Goggo. Ta cire gilashi ta goge ta mayar. Can ta ce, a hankali, "Sani ne." Ta sake cewa, "Sani ne wannan." Sai ta ɗago ta dube ni, hawaye na bin fuskarta.

"Ke kika yanke shi?"

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Ai a talla fuskar macen ake so, Goggo, shi ya tare wuri ne."

A gaban matarsa. A gaban 'ya'yansa. Umma ta kai min wani mintsini a cinya wanda har yau wurin bai daina tsami ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in kuma ja ta in rufe.

Goggo ta miƙe da ƙyar, ta je ta zauna a tabarma kusa da Adda Hauwa, suka sa wayata a tsakiya suna kuka tare. Ba ta ce "ki yafe ni" ba, a gabana dai. Abin da na ji ta ce shi ne, "Tun safe ba ki ci komai ba. A kawo mata kunu." Ta kuma ce da wata ta mayar da jakar yaran ɗaki.

Bappa Usmanu ya ce saura abu ɗaya. Inda na ɓata, nan zan gyara. Ya sa na tsaya a jikin bangon tsakar gida, wata ta riƙe waya, na yi bayani da bakina cewa hoton tsoho ne, matar nan ba ta taka gidanmu ba tun rasuwar mijinta, kuma duk "kwalliyar yau" da na saka a watannin nan ƙarya ce. Mai kwalliya guda, ido jajur, hanci na yoyo, gira rabi a wanke. Sau ɗaya aka ɗauka. Da na ce ko za a sake saboda hasken bai yi ba, kallon da Umma ta yi min ya sa na saka shi a haka.

Ana kiran sallar magariba Bappa ya miƙe zai tafi masallaci. Na bi shi da ido, don har lokacin ban san matsayina ba. Ya tsaya yana saka takalmi ya ce, "Ki je gida, 'yata. Babu maganar 'yan sanda, ta wuce. Ki tura wa Hauwa hoton nan kafin ki fita. Cikakkensa."

Na ce "Na gode, Bappa," na tura wa Adda Hauwa hoton. Umma ta kama hannuna muka fito.

Har yanzu idan baƙuwar lamba ta kira ni sai na daɗe ina kallonta kafin in ɗauka. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: mutanen da ke cikin wayata ba a nan suke tsaye yadda na bar su ba, suna can suna haihuwa, suna jinya, suna binne nasu. In kun leƙa shafina kun ga shiru, ba daina sana'a na yi ba. Yau ɗin ce kawai babu kowa.