Ruwan da Ba a Sanar Ba

Ina kasuwar Sabon Birni wani mai babur ya tsaya ya ce min abokina Wada na Turba ya rasu. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Can na tuna, da shi aka kai wa irin wannan labari, cewa zai yi, "Wace tasha ta faɗa?"

Allah ya jiƙan Babban Darakta, kamar yadda muke kiran Wada. A shekarun fari rijiyoyin Turba sun ƙafe, shanu sun kwanta, amma rediyon Wada bai taɓa yin shiru ba. Da sabon batir ya gagara, sai Darakta ya ɓullo da iliminsa mai zurfi: shanya tsofaffin a rana. Kullum da hantsi zai jera su gindin rumbunsa da ba komai ciki, ya zauna da sanda yana korar ƙadangaru, yana juya su kamar mai gashin tsire.

"Ku gani kuke ni ke sauraren gidan rediyo," yakan ce. "Su suka dogara da ni. Ran da na kashe, da wa za su yi magana?"

Duk gari na roƙon ruwa, shi kaɗai ke hararar gajimare, wai yana katse masa shirye-shirye.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece. Mata na guɗa, tsofaffi na hawaye. Wada ya kwashe batiransa a hula, ya faɗa zaure ya kunna. Mai labarai ya ce fari na nan bai sassauta ba. Darakta ya fito tsakiyar ruwa, ya jiƙe sharkaf, ya ɗaga hannu.

"Kowa ya koma gida! Wanga ruwa ba a sanar da shi ba. In an tabbatar za ni gaya muku."

Washegari kowa ya fita shuka. Matarsa Saude ta ɗauko ƙwaryar irin gero, wadda ta ɓoye duk tsawon yunwa, ita kaɗai ta rage musu. Ya ce ta mayar. Sai da ƙasa ta bushe sanarwa ta iso. Ya fita da babbar riga ya shuka, rana ta soye irin.

Da kaka maƙwabta suka riƙa ajiye masa dami a ƙofar gida. Ya ce agajin ƙasashen waje ne, ya ji a labarai.

Makon jiya na je duba shi. Yana kwance ya rame, ruwa na dukan kwanon ɗakin. Na riƙe hannunsa.

"Wada, ka ji? Ana ruwa."

Ya buɗe ido da ƙyar, ya nuna rediyon.

"Kunna mu ji ko gaskiya ne."