Rasuwar Madam Doro, Talabijin ɗin Anti Adoley

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, Anti Adoley Kotey, mai sayar da kenke, wato tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi a hanyar bakin teku da ke Teshi, tana sanar da dangi da 'yan coci da abokan ciniki rasuwar talabijin ɗinta, wadda duk unguwa ta sani da Madam Doro. Ta cika ranar Lahadin da ta wuce, ƙarfe biyar saura minti goma na yamma, a kan kantarta, tana tsakiyar aiki, a gaban mutum fiye da talatin. Ta rasu tana da shekara ashirin da uku.

Marigayi Ataa Kotey, mijin Anti, shi ya ɗauko ta a ka tun daga tasha, shekarar da teku ta yi wa masunta albarka. Ya ƙi yarda a sa ta a baro, wai ba a kai amarya ɗaki a baro. Tun daga ranar take zaune a rumfar Anti. Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa tambayar mai kallo ko ya sayi kenke ba. In an kunna ta sai ta ce “tsiiii”, ta yi shiru kamar mai addu'a, sannan ta ce “ɓum”, hoto ya fito. Da tsufa ya kama ta sai an ɗan mare ta a kuncin hagu take farkawa, kuma ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba.

Babban aikin rayuwarta shi ne “Ɗaya Zai Saura”, gasar nan da ake zuba mutum goma sha shida a wani tsibiri na tafkin Volta, duk Lahadi su jefa ƙuri'a su kori ɗaya. Shekara tara tana kawo mana shi bayan an taso daga coci. A gabanta Ataa Kotey yake buga cinya yana cewa, “Wanda bai ci amana ba a tsibirin nan, shi za a ci!” Anti kuwa ta ɗago daga kasko ta ce, “Tsoho, ka ji tsoron Allah, ko takalmin coci ba ka cire ba.” Mista Lamptey, tsohon malamin makaranta, yana zana ƙawancen 'yan gasa da alli a jikin bango, kuma a shekara tara bai taɓa cankar wanda zai ci ba. Sista Korkor mai gyaran gashi ba ruwanta da dabara, duk wanda ya fi faɗin ƙirji shi ne nata. Marigayiya ta ji duk wannan shirme, ba ta taɓa sa baki ba.

Sai gidan talabijin ya ajiye shirin. A daminar shekarar Ataa Kotey ya kwanta, bai tashi ba. Masu zama a benci suka yi ta raguwa har ya zama ranar Lahadi Anti da Madam Doro kaɗai ke kallon juna. Shekara huɗu a haka.

Bana masu shirin suka yi shela cewa in masoya za su haɗa kuɗi ta waya, gasa za ta dawo, kuma duk wanda ya bayar za a nuna sunansa a ƙarshen fitowar farko. A lokacin iskar teku ta riga ta ci cikin marigayiya, fuskar kowa kore take fitowa. Bra Tetteh mai gyara ya duba ta ya ce sai an sauya mata wani ƙarfe, kuma kafin nan a bar bayanta ya sha iska. Anti ta tara kuɗin gyaran a ƙullin zane. Shi ta kwance ta tura wa masu shiri gaba ɗaya, da sunan Ataa Kotey. Abin da take so a duniya ke nan: ta ga sunan mijinta ya wuce a gilashin da ya ɗauko a kansa.

“Haba Anti,” in ji Bra Tetteh, “kin saya wa majinyaci kayan biki kin hana shi magani?”

“Ɗana, ta jira shekara huɗu. Awa ɗaya ba za ta gagare ta ba.”

Ranar dawowar shirin rumfa ta cika har titi, waɗanda aka manta fuskarsu ma suka zo da kujerunsu. Kuma da yake ba ma barin babba ya fita biki tsirara, sai aka ɗauko kenten Ataa Kotey, saƙaƙƙen mayafin nan mai nauyi, wanda yake sawa ranar bikin shekara, aka yafa wa marigayiya, aka naɗe doron tsaf, aka toshe duk ƙofofin da take numfashi. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau. An kunna ta tun sha biyun rana, wai ta saba. Bra Tetteh, wanda shi kaɗai zai hana, ya tafi jana'iza ƙauyensu.

Da shirin ya fara ƙarfe huɗu, ta yi minti hamsin tana aiki kamar yarinya. Ana buɗe tukunyar ƙuri'a sai ta ce “fiiiiii”, hoton ya tsuke ya zama ɗigo ɗaya fari, ɗigon ya tafi. Wari ya tashi. Mista Lamptey ya mare ta hagu, ya mare ta dama, abin da ba a taɓa yi mata ba. Ba ta amsa ba.

Mutanen da suka shekara tara suna la'antar maciya amana suka kwashi kujerunsu a guje zuwa mashayar tsallaken titi, inda ake da sabuwar talabijin shafaffiya. Sista Korkor ta ja hannun Anti. “Taso mu je, sunaye sun kusa!” Anti ta zare hannunta ta ce, “Ku je. Ba a barin gawa ita kaɗai.” Ta zauna ta ɗora tafinta a kan kenten, yana da zafi kamar jikin mai zazzaɓi.

Da suka dawo suna ta musu, don an kori mai faɗin ƙirji, kuma Mista Lamptey ya rantse tun farko ya hango. Anti ta bari suka lafa, sannan ta ce, “Kun gan shi?” Aka ce wa? Ta ce, “Sunan tsoho.” Ashe sunaye na wucewa kowa ya juya baya yana gardamar ƙuri'a. Mutum talatin, ba wanda ya duba, har da mai rubuta wannan sanarwa, kuma kunyar ba za ta bar shi ba. An nemi shirin a waya washegari, an tarar an yanke shi kafin sunaye.

Marigayiya ta bar rimot ɗaya wanda aka ɗaure da roba, da eriya mai karyayyen ƙaho da har yanzu ke kan rufi ba a sanar da ita ba, da benci uku, da Anti.

Za a yi zaman makoki na cikar mako ranar Lahadi a rumfa, ƙarfe huɗu. Tufafi ja da baƙi. Kafintan unguwa ya ce ya sha yi wa mutane akwatin gawa mai siffar talabijin, amma bai san wanda ake yi wa talabijin ba. An daidaita a kan akwati mai siffar kwalekwale, tunda kuɗin kifi ne ya kawo ta. Ranar Asabar ta ƙarshen wata Bra Tetteh zai cire abin da zai amfani masu rai, sauran a raka shi da ganga. An haramta maganar ƙuri'a a wurin.

Anti ta ce ba ta son gudummawar kowa, ko sidi ɗaya. Roƙonta guda ne. In akwai wani a faɗin ƙasar nan, ko baƙo ne, wanda ya zauna har ƙarshen shirin ya ga an rubuta Ataa Kotey na Teshi, don Allah ya zo ya zauna kusa da ita ya ce mata ya gani. Ta yi alkawari ba za ta tambaye shi hujja ba.