Larabar da Ta Ɓace a Cikin Wayata

Jama'a, yau da safe na ɗaga bulo ɗaya cikin waɗanda na sa aka buga mini, ya rabu gida uku a hannuna. Na biyu ko jira bai yi in gama ɗagawa ba, ya zube a kan silifas ɗina. Bulon ɗakin da nake son gina wa Inna ne kafin damina ta faɗi, don bangon wanda take ciki ya tsage, har tana hango masu wucewa daga kan gado. Kowa ya san sabon bulo sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya koma yashi. Nawa ko ɗigo bai gani ba, kuma wai ci gaba ne ya jawo.

Da can, in masu ruwa za su saki famfo a layinmu, takarda suke mannawa a jikin falwaya. In sun saɓa, mu ɓamɓare ta mu kai musu, su sunkuyar da kai su ba mu haƙuri. Ruwan dai ba ya zuwa, amma ka ba mutum kunya, ka rage zafi. To bana Mai Girma Babban Mai Riƙe da Makullin Famfo, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce takarda ƙauyanci ce. Aka kafa rumfuna, aka raba huluna, aka sha tafi, aka buɗe shafin intanet mai kalanda. Ka latsa sau ɗaya ta shige wayarka, ranar ruwan layinku ta fito da kanta.

Maƙwabcina mai gyaran waya ne ya saka mini.

"Yaya, wahala ta ƙare," in ji shi. "Ba sai ka taɓa komai ba, ita ke sabunta kanta."

"To in sun fasa fa?"

"Sai ta sabunta mana."

Kunnena ya ji wannan magana sarai, kaina ne bai ɗauka ba.

Kalanda ta ce Laraba zuwa Asabar, ruwa ba yankewa. Ran Talata na kira masu buga bulo, suka cika mini tsakar gida. Laraba da sassafe na jera duro biyu, na ja tiyo, waya ta yi ƙara tana tuna mini cewa yau ruwa. Na murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na fita neman 'yan ga-ruwa, ko sama ko ƙasa. Ashe su ma suna da kalandar, sun ga layinmu zai wadata, sun tura kurarsu can ƙarshen gari.

Ran Alhamis na saka rigata mai kyau na nufi ofishin masu ruwa. Har ina taƙama a hanya, ina cewa wannan karon shaida a aljihuna take. A bakin ƙofa na sake dubawa, ga Laraba nan daram. Na tarar da wani jami'i mai biro uku a aljihu, yana kurɓar ruwan sanyi.

"Ranka ya daɗe, kun ce jiya Laraba za ku ba mu ruwa."

"Mu? A ina?"

Na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya duba, ya ɗan yi murmushi.

"Malam, ai datarka a kashe take. Kunna mu gani."

Ni mutum ne mai kashe data don kar ta ƙare a banza. Sai ga shi ni da kaina, da wannan yatsa nawa, na kunna. Wayar ta ɗan yi tunani, kuma a kan idona Larabar jiya ta goge, ta je ta zauna a mako mai zuwa. Garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta.

"Ka gani? Laraba mai zuwa aka rubuta."

"Amma yanzun nan ka ga..."

"Tsohon bayani ne. Tun jiya da yamma muka gyara. Kalandar nan tun da aka buɗe ta ba ta taɓa saɓa alƙawari ba, har lambar yabo ake shirin ba mu."

Wallahi sun cancanta. Magabata sun ce alƙawari kaya ne, to ga bayin Allah sun samo wanda ke sauke kansa da kansa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da me zan kama su? Shaidar da na zo da ita ta koma bayansu tun kafin in zauna.

Ɗazu ina cikin kwashe ɓaraguzan bulo Inna ta leƙo, ta daɗe tana kallon tarin yashin.

"Yanzu ɗakin nawa sai yaushe, ɗan nan?"

Sai na ji bakina ya ce, "Laraba mai zuwa za a sake bugawa, Inna."

Ta tsinci gawayi a murhu, ta je jikin tsagaggen bangonta ta ja layi na kowace rana har zuwa Laraba, ɗaya na bin ɗaya, ta karkaɗe hannu ta shige ciki. Masu karatu, in akwai wanda ya san inda ake kunna datar gawayi, don Allah ya taimaka mini kafin Laraba.