Ranar da Na Wanke Turbo da Toka

Har yanzu ina tuna ranar nan. Yayana ya sayi wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu wurin wani Bature da zai bar Sakkwato, ya jawo ta Tambuwal, ya shekara yana gyara. Abu ɗaya ya rage, wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, wai shi turbo. Na asali yake so, sai da ya je har Ikko ya samo.

Ya ajiye shi a zaure ya tafi Kebbe ta'aziyya. Na buɗe ƙunshin, na gan shi jage-jage da mai. Ni da na ci kyautar tsabta a sakandare, in bar wannan ƙazanta? Na ɗebo toka da yashi na dirje shi kamar gindin tukunya. Har 'yar fankar cikinsa na kankare da wuƙa. Na ɗauraye, na kife shi a rana.

Da Yaya ya dawo, na miƙa masa ina murmushi. Ya girgiza shi, yashi ya zubo. Sai ya zauna a ƙasa.

"Ke, mi kinka yi mishi?"

"Wankewa na yi, Yaya."

Inna ta leƙo ta ce, "Ai ko ya yi ƙyalli, Allah shi yi miki albarka."

Wai man ne lafiyarsa. Ni dai ban gane ba har yau. Motar tana nan, kaji na ƙwai a cikinta. Duk sanda na ɗebo toka, sai Yaya ya ɗaga murya: "Jama'a, a ɓoye babur, Injiniya ta fito!"